Kwana Biyu Bai Isa Ba: Hawan Dutsen Tubkal Cikin Hunturu

Daga birnin Marakish na ƙasar Maroko, idan gari ya washe a watan Janairu, ana hango duwatsun Atlas ta kudu sun yi fari fat da dusar ƙanƙara. A cikinsu akwai Tubkal, mai tsayin mita 4,167, wanda babu dutsen da ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallarsa a matsayin dutsen 'yan koyo: ba sai ka taɓa hawan dutse ba, ga jagora, ga abinci, ga wurin kwana, kwana biyu ka je ka dawo da hotonka a ƙololuwa. Akasarin wannan talla gaskiya ce. Hanyar da aka saba bi ba ta da wani bangon dutse da sai an maƙale da igiya, kuma duk shekara mutane da yawa da ba su taɓa taka ƙanƙara ba suna kaiwa can su dawo lafiya. Inda nake da ja shi ne zancen kwana biyun nan.

Ga yadda tafiyar take. Marakish tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba, kusan daidai da Kano. Mota za ta ɗauki mutum kamar awa ɗaya da rabi zuwa ƙauyen Imlil, a mita 1,740. Daga nan sai ƙafa: a wuce ta gefen Arumd, a bi kwari har Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse da aka shafa wa farar ƙasa yake zaman wurin ziyara, sannan a ci gaba da hawa har masaukin da ke mita 3,207. Awa biyar zuwa shida ke nan. Wato wanda ya karya kumallo a Marakish zai kwanta a daren nan sama da inda ya tashi da mita 2,700 da ɗoriya, kuma kafin asuba za a tashe shi ya ƙara wasu 960. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni kuwa shawararsu ita ce kada wanda ya fito daga ƙasa ya kwana sama da kusan mita 2,750 a darensa na farko, kuma idan ya wuce 3,000 kada wurin kwanansa ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Shirin kwana biyu ya karya wannan ƙa'ida tun a daren farko.

Mutane da yawa suna zaton iskar oksijin ce take ƙarewa a can sama. Kasonta a cikin iska bai canza ba, kashi 21 cikin ɗari ne a bakin teku, haka yake a kan Tubkal. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar da ke danne mu, kuma wannan dannewar ce take tura oksijin daga huhu zuwa cikin jini. A ƙololuwar Tubkal saura kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ake samu a bakin teku, don haka kowane numfashi da mutum ya ja, abin da ya shigo da shi bai kai kashi biyu cikin uku na wanda ya saba ba. Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, shi ya tabbatar da haka a littafinsa na 1878, bayan gwaje-gwajen da ya yi a cikin ɗakin ƙarfe da ake rage wa iska.

Jiki yana da dabararsa, sai dai ba ya gaggawa. Nan take numfashi zai ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Amma yawan numfashi yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sinadarin jini ya karkata, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa taka wa numfashin burki a daidai lokacin da ake bukatarsa. Ƙoda ce take gyara wannan, ta hanyar zubar da wani gishiri a cikin fitsari, kuma aikinta yana cin kwanaki. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini kuma sai an yi makonni. Shi ya sa a daren farko a masauki ake jin wasu numfashinsu yana tsayawa na 'yan daƙiƙu, su farka firgigit suna haki. Shi ya sa kuma ƙarfin jiki ba ya kare kowa. Ɗan ƙwallon da ke gudun kilomita goma kullum zai iya kwantawa da ciwon kai, dattijuwar da take tafiya a hankali ta wuce shi. Sau da yawa ma ƙarfin ne yake cutar da matashi, don shi ke ba shi damar hawa da saurin da ƙodarsa ba za ta iya bi ba.

Ciwon tsayi yakan fara ne daga kusan mita 2,500. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa ba mu da inda za mu san shi a gida: Jos tana wajen mita 1,200, ƙololuwar Bagazam a Nijar 2,022, Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi ko'ina tsayi a Nijeriya, 2,419. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri da kasala, kuma sukan bayyana sa'o'i bayan an isa, galibi cikin dare. A wannan mataki maganinsa a tsaya inda ake har ya lafa. Wanda ya daure ya ci gaba da hawa da waɗannan alamu yana iya faɗawa cikin ɗaya daga abu biyu masu kisa. Ko ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, da tari mai kumfa. Ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi, maganarsa ta rikice, ya nace cewa lafiyarsa ƙalau. Duka biyun babu jiran gari ya waye, sai a sauko da shi nan take, kuma saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi mai ban mamaki. Akwai maganin da ake kira Diamox wanda ke hanzarta aikin ƙodar, amma likita ne zai rubuta shi, kuma ba ya maye gurbin kwanakin da aka tsallake.

Akwai wani abu da takardun talla da aka rubuta don Turawa ba sa ambata, alhali mu ya fi shafa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. A rayuwar yau da kullum wannan ba ciwo ba ne. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga wahalar hawa, ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Likitoci sun sha ganin haka a wurare masu tsayi, kuma alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowane mai AS yake samu ba, akasari suna hawa su sauko lafiya, amma wajibi ne mutum ya san rukunin jininsa, ya ga likita kafin ya biya kuɗi, ya kuma gaya wa jagoransa. Mai sikila ta SS kuwa haɗarin da ke kansa babba ne ƙwarai.

Sai hunturun kansa. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi, don haka ranar da ake shan hantsi a Marakish, ruwa daskarewa yake yi a ƙololuwa, tun ba a zo ga iskar da ke kaɗawa a kan tudu ba. Yatsun hannu da na ƙafa su ne farkon abin da sanyi ke ci, musamman idan sun jiƙe. Wanda ya yi alwala ya busar da hannunsa sarai kafin ya fita. Dusar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido, kuma wanda ya yini babu baƙin tabarau zai iya kwana idanunsa suna raɗaɗi ba ya iya buɗe su.

Da asuba, lokacin da ake fita, dusar ta daskare ta yi santsi kamar daɓen siminti da aka malala wa mai. A nan ake ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora, a riƙe gatarin ƙanƙara a hannu. Kowa zai iya hayar su a Imlil, amma riƙe gatari daban, iya aiki da shi daban. Idan mutum ya zame a gangare, yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ya juya rubda ciki, ya danna bakin gatarin cikin ƙanƙara da nauyin ƙirjinsa, ya ɗaga ƙafafunsa don kada haƙoran su kama su wuntsila shi. Ba a koyon wannan da baki. Sai an faɗi da gangan sau da yawa a gangare marar haɗari, jagora yana tsaye yana gyarawa. Shirin kwana biyu ba shi da gurbin wannan darasi, don ana isa masauki ne a gajiye, rana tana shirin faɗuwa. Kuma wurin saukowa ne ƙafa ta fi zamewa, lokacin da gwiwa ta yi sanyi, murna ta sa hankali ya tafi wani wuri.

Tun bayan kisan gillar da aka yi wa wasu 'yan mata biyu 'yan Denmak da Norway a kan wannan hanya a Disambar 2018, hukuma ta wajabta tafiya da jagora, kuma jandarmomi suna duba fasfo a hanya. Dalilin tsaro ne ya kawo dokar, amma amfaninta ya wuce nan. Jagororin nan Amazigawa ne 'yan waɗannan kwaruruka. Tarihi ya rubuta cewa Marquis de Segonzac da wasu Faransawa biyu ne suka fara kaiwa ƙololuwa a watan Yunin 1923, amma da wuya a yarda cewa makiyaya da maharban yankin ba su riga su ba. Jagora nagari ya san gangaren da dusa kan zaftaro bayan an kwana ana zuba ta, ya san gajimaren da ke nufin a juya, kuma yana duban tafiyar baƙonsa ya gane ciwon da baƙon yake ɓoyewa. A ganina mafi tsadar abin da mutum yake saya a wurinsa shi ne ikon ya ce, “Yau ba za mu kai ba, mu koma.”

Wannan iko kuwa shirin gaggawa yana raunana shi. Baƙo ya biya kuɗi, jirginsa gobe ne, ba shi da wata rana. Jagora ya san tukuicinsa da sunan da za a yi masa a intanet sun rataya ga hoton ƙololuwa. Mutanen yankin kuma suna bukatar aikin, balle bayan girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, ta rushe ƙauyuka da yawa a lardin Alhauz, inda Imlil take. Bai kamata a ɗora wa mai neman abincin iyalinsa nauyin zaɓi tsakanin ran baƙo da fushin baƙo ba. Haka su ma 'yan dako: alfadarai suna tsayawa inda ƙanƙara ta fara, daga nan mutane ne suke goya jakunkuna da tukwane zuwa masauki, kuma ya dace baƙo ya tambayi kamfani nauyin da ake ɗora musu da irin takalman da ke ƙafarsu.

Gyaran ba shi da wuya. A kwana a Imlil, washegari a hau mashigar Tizi Mzik, kusan mita 2,500, a dawo a sake kwana ƙasa. Rana ta uku a tafi masauki, a ware yini guda a can don koyon gatari da ƙarafan takalmi, wanda kuma zai zama ranar ajiya idan yanayi ya ɓaci. Kamfanoni da dama suna da irin wannan shiri na kwana huɗu ko biyar, sai dai ba shi suke sawa a gaba ba, don na kwana biyu ya fi arha, ya fi saurin samun masu saye. Wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi daga Legas ko Yamai zuwa Kasablanka, ya sayi rigunan sanyi da inshorar da ta ƙunshi hawa sama da mita 4,000, ƙarin kwana biyu ko uku a ƙauyen dutse ƙaramin kaso ne na abin da ya kashe. Kafin ya tura ko sisi, ya tambayi kamfanin mutum nawa jagora ɗaya yake ja cikin hunturu, da kuma abin da za a yi idan mutum ɗaya a ayarin ya kasa ci gaba a tsakiyar hanya. Idan jagora ɗaya ne tak ga mutum takwas ko goma, babu wanda zai rako marar lafiyar ƙasa sai an juyo da kowa, kuma a irin wannan hali ne ake lallashinsa ya daure ya ci gaba.