Fumfunar Juji da Tukunyar Masana'anta

Duk mai kunun zaƙi a unguwar Kwamba da ke Suleja ta san ba a haɗa ƙullu da gaggawa. Kashi biyu take raba shi. Ta dama ɗaya da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta jira ya sha iska, sannan ta zuba ɗanyen da aka niƙa da busasshen dankali. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Inzayim ɗin da ke cikin dankalin ne ke datse sitaci ya mai da shi sukari, kuma in ta zuba shi kunun na ƙuna, ya mutu ke nan.

Wannan jira shi ne ke cin kuɗin masana'antu. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin lemon malt da na giya suka koma wa dawa. Sai dai sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70, inda yawancin inzayim ɗin tsiro ya riga ya lalace. Dole aka koma sayen inzayim daga waje. Masu yin ruwan gulukos daga rogo ma haka: a dafa sitaci a digiri 105 da inzayim ɗin bakteriya, a sauke zafin zuwa 60 domin na fumfunar Aspergillus niger, a yi kwana biyu ko uku ana jira.

Shi ya sa masana ke tonon juji, suna neman inzayim mai jure zafi. A tsakiyar tarin kashin kaji da dusa, inda hannu ba ya jimawa don zafi, akwai fumfuna irin su Thermomyces lanuginosus da ke rayuwa har kusan digiri 60. Daga gare ta kamfanin Novo na Denmak ya samo inzayim mai narka maiƙo, Lipolase, wanda ya shiga garin sabulun wanki a 1988.

Samo fumfunar ba shi ne wahala ba. Ana shuka ta a kan jiƙaƙƙiyar dusa ko ɓawon rogo, bayan 'yan kwanaki a tace ruwanta, a ware inzayim ɗin da gishirin amoniyam salfet. Daga nan aikin gaske ke farawa: a wane zafi ya fi aiki, wane tsami yake jurewa, minti nawa yake yi a digiri 80 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi? Tambayar ƙarshen nan ita mai masana'anta ke son jin amsarta, kuma ita ce rahotanni da yawa ke tsallakewa. Mai sarrafa abincin kaji, alal misali, yana dunƙule shi da tururi, kuma inzayim ɗin da bai tsira daga tururin ba asarar kuɗi ce.

Suleja na tsakanin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da cibiyar binciken kimiyya ta Sheda, ga dusa a kowane injin niƙa. Abin da ya rage shi ne tankin da zai ɗauki abin da aka gwada a kwalba ya fitar da shi da ganga, da wutar da ba za ta ɗauke ba ana tsakiyar renon fumfuna.