Me ke ƙafewa a cikin batir?

Mai batirin sola irin wanda ake buɗe murafensa ya san wannan: ana shiga bazara, ruwan ciki sai ya riƙa ja da baya har farantan darma su leƙo. Nan ne wasu ke sayo asid su ƙara, alhali ba shi ne ya ragu ba.

Abin da ke cikin batirin haɗi ne na ruwa da asid ɗin salfurik, tsarin da Bafaranshe Gaston Planté ya fito da shi a 1859. Idan caji ya cika, asid ɗin yakan kai wajen kashi 35 cikin 100, lita ɗaya kuma ta yi nauyin kusan kilo 1.27. Wannan kaurin ne mai cajin batir yake aunawa da haidiromita.

To amma ruwa da asid kowanne da yadda yake ɗaukar zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos ma wajen 96 ya ishe shi saboda tudu. Asid mai ƙarfin kashi 98 kuwa sai ya kai digiri 337. Shi ya sa zafin rana ke kwashe ruwan ya bar asid. Cajin da ya wuce kima ma ruwan yake ci, yana raba shi zuwa haidirojin da oksijin, kumfar nan da ake gani tana tasowa. Tamkar miyar da ta ƙafe a kan wuta ce: uwargida ruwa take ƙarawa, ba gishiri ba. Wanda ya ƙara asid ya ƙara wa haɗin ƙarfi, farantan su yi saurin cinyewa. Tataccen ruwan da aka samu daga tururi ake zubawa, domin na rijiya yana ɗauke da ma'adinan da ke lalata batir.

Wurin haɗa sabon ruwan batir ne haɗarin ya fi girma, kuma abin takaici ne yadda ake yinsa da hannu tsirara. Haɗuwar asid da ruwa tana fitar da zafi mai yawa. In aka zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi, ruwan ba ya nutsewa don bai kai shi nauyi ba, sai ya tafasa nan take a sama ya fantsamo asid a fuska. Asid ake tsiyayawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ana juyawa, da tabarau da safar hannu ta roba. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti.