Biskit ɗin "keto" a tsarabar ƴan ci-rani: me ke cikin kwalin?

A da, tsarabar ɗan ci-rani ba ta wuce turare da waya da yadi ba. Yanzu idan tsoho yana fama da ciwon sukari a gida, sai ka ga ɗansa da ke Faransa ko Amurka ya cusa kwalayen biskit da cakulan masu rubutun "low carb" ko "keto" a jakar mai zuwa Yamai. Niyyar mai kyau ce. Abin da ke cikin kwalin ne sai an duba.

Ma'anar rubutun ita ce an rage sitaci da sukari, wato abin da ake rubutawa "glucides" a bayan kwali. To amma biskit ba ya tsayuwa babu gari, kuma ba ya sayuwa babu zaƙi, don haka abin da aka cire sai an cike gurbinsa. Galibi da mai ake cikewa, alhali giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Mai neman rage ƙiba zai iya cin wannan biskit ya ƙare da kalorin da ya kai na biskit ɗin kantin unguwa.

Sai batun zaƙi. Kamfanoni da dama suna sa maltitol a madadin sukari. Ba ya ɗaga sukarin jini kamar sukarin shayi, amma yana ɗagawa, kuma idan ya yi yawa yana kumbura ciki ya sa zawo. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta tilasta rubuta gargaɗi a kwalin duk abincin da irin wannan zaƙi ya haura kashi 10 cikin 100.

Ƴan uwanmu na Amurka su ƙara lura da kalmar "net carbs" da ake bugawa da manyan baƙaƙe. Hukumar abinci ta ƙasar, FDA, ba ta ba wannan kalma ma'ana a doka ba. Kamfani ne ke cire harza da su maltitol daga jimillar, ya buga ɗan abin da ya rage, kamar ɗan kasuwar da ya auna hatsi da tiyar da ya ƙera da kansa.

Akwai kuma binciken da Kevin Hall ya jagoranta a Amurka a 2019. Mutum 20 aka ciyar, mako biyu da abincin masana'anta da ya sha sarrafawa, mako biyu da abincin da ba a sarrafa ba. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, sun kuma ƙara kusan kilo ɗaya. Ba kayan "keto" aka gwada ba, amma yawancinsu ƴan wannan dangi ne.

A ganina, irin wannan biskit yana da ɗan wurinsa: a kan doguwar hanya, ko ranar da kwaɗayi ya motsa, ya fi lemun kwalba da alewa. Bai kai a mai da shi kalacin kullum ba, balle a kira shi magani. Kuɗin kwali ɗaya zai sayi ƙwai da zogale da gyaɗa da awara na kwanaki a kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, cukun Tawa, miyar kuɓewa da aka yawaita aka rage malmalar tuwo, duk masu ƙarancin sitaci ne tun kafin a ƙirƙiro musu suna. Furar da ake zuba wa sukari cokali uku ta fi buƙatar gyara.

Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide kuwa, kada ya rage tuwo da shinkafa farat ɗaya don an aiko masa da kwali. Sukarinsa na iya faɗuwa har ya kai ga rawar jiki da zufa da suma. Ya fara kai kwalin da maganinsa wurin likita, a daidaita masa awon maganin tukuna.