Maganin da Ke Tafe a Gindin Dodon Koɗi

Dodon koɗi kullum cikinsa a ƙasa yake. Ya bi ta kan ruɓaɓɓen ganye, ya ratsa kashin tsuntsu, ya kwana cikin laka, ga jikinsa laushi kamar hanta. Duk da haka, da wuya ka ga ƙazantar ta kwantar da shi. Wannan ne ya tsaya wa Dakta Sarah Pitt a rai, masaniyar ƙwayoyin cuta a Jami'ar Brighton da ke Ingila, ita da mijinta Dakta Alan Gunn, malami a wata jami'a a Liverpool.

Ba su yi nisa wajen neman abin gwaji ba. Irin dodon koɗin lambu suka ɗauko, mai ruwan ƙasa, wanda masu lambu a Ingila ke tsinewa saboda yana cinye musu latas. In an tsokane shi sai ya fitar da yauƙi mai kumfa. Wannan kumfar aka tara, aka ɗiga a faranti da aka shuka ƙwayoyin cuta a ciki, aka bar shi ya kwana.

Da aka duba, ƙwayoyin sun yi tsiro sun rufe farantin, sai dai a kewayen ɗigon yauƙin, nan wuri ya yi fes, kamar an share da tsintsiya. Kuma ba ƙaramar ƙwaya ce ta ja da baya ba: Pseudomonas aeruginosa ce, wadda ke shiga ƙuna ta sa mugunya ta yi kore, ta kuma addabi huhun masu ciwon cystic fibrosis. Taurin kanta gaban magunguna ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na masu haɗari a 2017. A kan Staphylococcus aureus kuwa yauƙin bai taɓuka abin kirki ba. An buga sakamakon a 2015.

Ni abin bai ba ni mamaki can ba, in na tuna cewa a majinar hancinsa Alexander Fleming ya gano lysozyme, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, shekaru kafin fenisilin. Su ma masu bincike a Japan tun shekarun 1980 suka ciro wani furotin mai kashe ƙwayoyin cuta, achacin, daga yauƙin babban dodon koɗin Afirka ta Gabas.

A 2019 Pitt ta sake fitowa da bayanin wasu furotin da ba a san su ba a cikin yauƙin, ɗaya ta raɗa masa suna aspernin. Duka dai a faranti aka yi aikin, ba a jikin majinyaci ba. Wanda ya ji labari ya tsinto dodon koɗi da damina ya goga a gyambo, zai iya ƙara wa kansa ciwo, ga kuma dabbar na iya ɗaukar tsutsar huhun ɓera, wadda in aka haɗiye ta takan iya kaiwa har ƙwaƙwalwa.