Tantance Maƙala a Mujallun Likitanci: Matakanta da Gurbin Masanin Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aika maƙala ga mujallar ilmi ya san ba a buga ta sai ta bi ta hannun masana. A fagen harshe, idan kuskure ya kuɓuce wa mai tantancewa, wani zai yi raddi a fitowa ta gaba. A fagen likitanci kuwa, kafin raddin ya fito ana iya ba majinyaci magani bisa wannan kuskure. Wannan maƙala za ta fayyace matakan tantancewar, sannan ta nuna wani giɓi da ya shafi harshe.

2.0 Matakan Tantancewa

Idan maƙala ta isa ga mujalla irin su Sahel Medical Journal ta Sakkwato ko Borno Medical Journal ta Maiduguri, edita ne ke fara duba ta. Yakan nemi shaidar cewa kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin, kuma majinyata sun ba da yardarsu, kamar yadda Yarjejeniyar Helsinki ta shimfiɗa. Daga nan sai ya tura ta ga ƙwararru biyu ko uku, galibi ba tare da marubucin ya san su ba. Su kuma sukan auna yawan majinyatan da yadda aka zaɓo su, da rukunin da aka kwatanta su da shi, da ingancin ƙididdiga, da ko sakamakon ya ɗauki nauyin hukuncin da aka ɗora masa. Sukan ba da shawarar a karɓa, ko a gyara, ko a ƙi, amma hukunci na edita ne.

3.0 Iyakar Tantancewa

Mai tantancewa takarda yake gani, ba ya ganin majinyaci. A wani gwaji da aka buga a 2008, an cusa manyan kurakurai 9 cikin maƙala, aka ba masu tantancewa na mujallar BMJ su sama da 600. A matsakaici ba su gano fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Haka kuma a 1998 mujallar Lancet ta buga binciken Andrew Wakefield kan yara 12, wanda ya alaƙanta rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga. Iyaye da yawa a Ingila suka guje wa allurar, ba a kuwa janye maƙalar ba sai 2010. Ashe tantancewa rariya ce, wata tsakuwar takan wuce.

4.0 Gurbin Harshe

Giɓin da ba a cika lura da shi ba shi ne fassara. A ƙaddara mai bincike ya je Duvu, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, inda yankin ya yi fama da kwalara a 2018, domin ƙidaya yara masu zawo. Tambayoyinsa da Ingilishi aka rubuta su, tafinta ya juya su zuwa Hausa ko Fulatanci, mai amsawa kuma wataƙila Gude ne harshenta na gida. Uwar da ke ɗaukar zawon haƙori a matsayin alamar girma tana iya cewa ɗanta lafiya lau yake. Kalmar "shawara" ta haɗa cututtukan da likita ke rarrabewa, haka ma "sanyi". Alƙaluman da suka fito daga irin wannan hira za su yi kyau a jadawali, alhali tushensu ya karkace.

Don haka ya kamata mai tantancewa ya tambaya: wa ya yi fassarar? An sake mayar da ita harshen asali don a kwatanta? An gwada ta a kan masu harshen kafin a fara aiki?

5.0 Kammalawa

An ga yadda tantancewa ke tace hanyar bincike da ƙididdiga, amma ba kasafai take kaiwa ga kalmomin da aka tattara bayanan da su ba. Shawarar wannan maƙala ita ce mujallun likitanci su riƙa neman a haɗo musu da tambayoyin da aka fassara, su kuma nuna wa masanin harshen kafin a buga.