Ambulan Goma Daga Wurin Mamaci

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu birnin Dublin na ƙasar Ayaland, inda a shekarar 2004 wata yarinya, Cecelia Ahern, ta fitar da littafinta na farko mai suna P.S. I Love You. Tana da shekara 21 ta rubuta shi. Mahaifinta, Bertie Ahern, shi ne firaministan ƙasar a lokacin, abin da ya sa wasu suka yi ta gunagunin cewa alfarmar uba ce ta ɗaga ta. Masu karatu dai ba su saurari gunagunin ba, suka yi rububin littafin har aka fassara shi zuwa harsuna da dama.

Ga yadda labarin yake. Holly da Gerry tun suna makaranta suke son juna, suka girma suka yi aure. Tana dab da cika shekara 30 ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa, rai ya yi halinsa. Holly ta kulle kanta a gida, ba ci, ba wanka, ba ɗaga waya. Ana haka sai mahaifiyarta ta ce mata akwai wani ƙunshi da aka aiko da sunanta. Ko da ta buɗe, sai ga ambulan goma da rubutun mijinta, kowanne da watan da za a buɗe shi, daga Maris zuwa Disamba.

To me mutumin da ya san tafiya zai yi zai bar wa matarsa? Saƙon farko cewa ya yi ta je ta sayi fitilar gefen gado. Dalili kuwa, kullum dare sai sun yi gardamar wanda zai tashi ya kashe wutar ɗaki, ita kuma in ta kashe sai ta yi tuntuɓe a duhu kafin ta kai gado. Yanzu ba mai tashi sai ita. A ganina nan gwanintar marubuciyar take, domin duk wanda ya taɓa rashi ya san ba a ranar jana'iza abin ya fi ciwo ba, sai an watse, ka juya za ka yi magana ka tarar ba kowa. Sauran saƙonnin suka biyo: ta hau dandamali ta rera waƙa a gaban jama'a duk da tsoronta, ta kwashe kayansa daga ɗaki, ta tafi hutun da ya riga ya biya musu ita da ƙawayenta a tsibirin Lanzarote na Sifaniya, ta nemi aikin da ranta ke so.

(KIƊA)

Ƙawayen nan biyu, Sharon da Denise, su ne ƙashin bayan littafin. Su suka ja ta suka fitar da ita daga ɗaki. Amma duniya ba ta tsaya don wani ya mutu. Sharon ta samu juna biyu, Denise ta samu miji ana shirin biki, sai Holly ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji, ta kasa taya su murna, ta janye jikinta. Hassada ce? Eh, da ɗan burbushinta, kuma marubuciyar ba ta wanke tauraruwarta ba. Ta ma tuna mana cewa John, mijin Sharon, aminin Gerry ne, shi ma ya yi rashi, sai dai ba wanda ya zo masa ta'aziyya yadda aka yi wa matar mamaci.

Akwai kuma Daniel, mai wani gidan shaƙatawa, wanda abota ta kai shi ga furta so. Mai karatu na jiran a ɗaura aure, Holly ta ce ba ta shirya ba. Saƙon ƙarshe na Gerry izini ne ya ba ta na ta sake son wani, bai ɗora mata wa'adi ba.

Littafin yana da rauninsa. Ya yi tsawo, wasu wuraren barkwancin sun zarce, kuma Gerry ya cika zama mutum marar aibi. Fim ɗin da aka yi a 2007, wanda Hilary Swank da Gerard Butler suka fito a ciki, ya kwashe labarin ya kai New York ta Amurka, ya fi ba soyayya ƙarfi a kan zumunci. A 2019 Cecelia Ahern ta fitar da ci gabansa, Postscript, inda bayan shekara 7 da rasuwar Gerry wasu marasa lafiya da suka san kwanansu ya ƙarato suka nemi Holly ta taimaka musu su rubuta wa iyalansu irin waɗannan wasiƙu.

Wanda ya kalli fim ɗin kaɗai, shawarata ya nemi littafin, don a can ƙawayen suka samu haƙƙinsu.