Dukawan Kaboyi Ba Su Yarda Inji Ya Kore Su Ba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Kano ko Kaduna ko Legas ya san kaboyi, da faffaɗar hularsa da dogon takalminsa da kuben bindiga a ƙugu. Abin da ba a nunawa a majigi shi ne badukun da ya zauna ya ɗinka kayan nan, alhali kuwa in babu shi babu kaboyi.

Kaboyi dai makiyayin shanu ne na yammacin Amurka, kuma daga makiyayan Meziko ya gaji sana'ar tasa da yawancin kayan hawansa. Tun daga shekarar 1867 aka riƙa koro garkunan shanu daga Jihar Tekzas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilin a Jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko fiye. Galibi dokin na mai shanu ne, amma sirdi na makiyayi ne, da guminsa ya saya. Shi ya sa a wurinsu in aka ce wane ya sayar da sirdinsa, to, ana nufin ya karye ke nan.

Aikin sirdi yana farawa ne daga itace. Akan sassaƙa shi daidai bayan doki, sa'an nan a lulluɓe shi da ɗanyar fatar sa, wadda in ta bushe sai ta ɗame shi tamau. A goshinsa akwai wani ɗan turke da ake kira ƙaho, inda mahayi ke naɗe igiya in ya zarge sa, watau dole sirdin ya iya jure fizgar bijimi. Daga nan sai baduku ya yanka ƙirgi mai kauri wanda aka jeme da ɓawon itace, kamar yadda majema ke jima da bagaruwa a ƙasar Hausa. A ƙarƙashi kuma ya shimfiɗa buzun tunkiya. In an gama, nauyinsa yakan kai laba 40.

Zanen furannin da ake gani a jiki shi ma aikin hannu ne. Sai an jiƙa fatar ta yi laushi, kana a tsaga zanen da wata 'yar wuƙa mai juyawa, a bi shi da ƙananan ƙarafa ana bugawa da guduma ɗaya bayan ɗaya. In hannu ya goce sau ɗaya, fatar ta tashi aiki.

Haka takalmin yake, kome nasa da dalili. An yi masa tudun dunduniya don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa, ba a sa masa igiya don kada ta sarƙe, dogon wuyansa kuwa yana kare ƙwauri daga ƙaya. Masu yin na hannu har yanzu da 'yan ƙusoshin itace suke kafe tsakiyar tafinsa. Wani baduku mai suna H. J. Justin ya fara ɗinka wa masu koro shanu irinsa a 1879 a garin Spanish Fort, kuma a 1925 'ya'yansa suka mai da aikin birnin Fort Worth, inda ya zama babban kamfani.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Da masana'antu suka yawaita, sai kaya masu araha suka cika kasuwa, samari kuma suka rage zama gaban tsofaffi don koyo, tun da sirdi ɗaya na hannu yakan ci makonni. Amma makiyayi na gaske ya san araha ba ta ado, domin sirdin da bai zauna daidai ba miki yake yi wa doki a gadon baya, ranar aiki kuwa ta tafi a banza.

Cikin waɗanda suka riƙe sana'ar akwai Don King na garin Sheridan a Jihar Wayomin, wanda zanensa na ƙananan furanni masu zagaye juna ya zama abin koyi. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma ta masu sana'ar gargajiya a 1991, ya rasu a 2007. A 1998 kuma wasu gwanayen sirdi da linzami da ƙaimi da saƙar ɗanyar fata da ƙirar azurfa suka kafa ƙungiya mai suna Traditional Cowboy Arts Association, don nuna aikinsu ga jama'a da koya wa na baya.

Dabarar da suka yi ita ce ba su tsaya gasar araha da inji ba. Sun bar masa mai neman na yau da gobe, su kuma suka kama mai son abin da zai hau shekara da shekaru, har ɗansa ya gada.